Kazimir Malevich da Baƙin Murabba'i

Kazimir Malevich, wanda aka haifa a Kiev a 1879, shi ne ya assasa salon zanen da ya kira Sufrematizim, wato fifita abin da launi da siffa ke tayarwa a zuci a kan kwaikwayon surar mutum ko dabba. A wani baje koli da aka yi a Petrograd a Disambar 1915 ya rataye zanensa na baƙin murabba'i bisa farin fili a kusurwar ɗaki, gurbin da Kiristocin Rasha suka keɓe wa hotunan waliyyai, kuma wannan ƙarfin hali ne na gaske. Mulkin Stalin bai lamunci salon ba, har aka tsare Malevich a 1930, ya kuma rasu a Leningrad a 1935.