Daga Hersant zuwa Bolloré: yadda jaridun Faransa suka koma hannun ƴan ƙalilan

A ranar 26 ga watan Agusta na 1944, kwana ɗaya bayan an kori sojojin Jamus daga Paris, gwamnatin wucin gadi ta Janar de Gaulle ta kafa wata doka a kan jaridu. Gaggawar tana da dalili. Kafin yaƙi, manyan jaridun ƙasar da dama suna hannun attajirai da masu masana'antu, kuma da Jamus ta mamaye ƙasar a 1940, da yawa daga cikinsu suka ci gaba da fitowa suna yi wa ɗan mamaya amshin shata. Shi ya sa majalisar ƴan gwagwarmayar sari-ka-noƙe, a cikin tsarin da ta amince da shi ranar 15 ga Maris na 1944, ta nemi a raba jarida da ikon gwamnati, da na masu kuɗi, da na ƙasashen waje. Dokar ta ce dole a bayyana sunayen masu kowace jarida, ta hana ɓuya bayan sunan wani, ta ce mai rinjayen jari shi ne zai zama darekta, sannan mutum ɗaya ba zai zama darektan jarida mai fita kullum fiye da ɗaya ba.

Doka ce mai kyau a takarda. Sai dai ba a taɓa zartar da ita yadda ya kamata ba, kuma jaridun da ƴan gwagwarmaya suka kafa, masu yawan ƙwazo da ƙarancin jari, suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda tsadar takarda da ta ɗab'i.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan rauni shi ne Robert Hersant. Abin mamaki, mutumin nan yana cikin irin waɗanda aka yi dokar dominsu: a 1947 kotu ta ƙwace masa wasu haƙƙoƙin ɗan ƙasa na shekara 10 saboda abin da ya aikata lokacin mamaya, aka yi masa afuwa a 1952. Ya fara da mujallar motoci a 1950, daga nan ya shiga sayen ƙananan jaridun jihohi da bashi ya ci wa tuwo a ƙwarya. Ya sayi Paris-Normandie a 1972, Le Figaro a 1975, France-Soir a 1976, har Faransawa suka laƙaba masa suna mai ma'anar «maci takarda». Ƙungiyoyin sandika na ƴan jarida suka kai shi ƙara a 1977, aka tuhume shi a 1978 da karya dokar 1944, amma shari'ar ta yi ta jan ƙafa har aka soke dokar kanta a 1986. Dipite ne na shekaru masu yawa, kuma ba ɗan siyasar da ke son ɓatawa da mai jaridar garinsu.

Gwamnatin gurguzu ta François Mitterrand ta yi yunƙuri a 1984 da wata doka da kowa ya san Hersant aka nufa da ita. Kotun tsarin mulki ta yarda cewa yawan muryoyi a jaridu manufa ce da tsarin mulki ya kare, amma ta ce dokar ba za ta taɓa abin da aka riga aka mallaka ba. Ihu bayan hari ke nan. A 1986 sabuwar majalisa ta sa iyakar da har yanzu ake aiki da ita: kada mutum ɗaya ya wuce kashi 30 cikin 100 na jaridun kullum da ake sayarwa a ƙasar. A 1987 kuma aka sayar da TF1, babbar tashar talbijin ta gwamnati, ga Bouygues, kamfanin gine-gine.

A nan ne lamarin ya sake kama. Hersant, duk da hadamarsa, jarida ce sana'arsa. Waɗanda suka biyo bayansa kuwa dukiyarsu tana wani wuri, galibi wurin da kwangilar gwamnati ke da nauyi. A 2004 Serge Dassault, mai ƙera jiragen yaƙi, ya karɓi Le Figaro. A 2007 Bernard Arnault na LVMH ya sayi Les Échos, jaridar da aikinta shi ne bin diddigin kamfanoni irin nasa. Ga irin waɗannan mutane, asarar da jarida ke yi kowace shekara kuɗin goro ne idan aka gwada da darajar da take ba su a fadar gwamnati. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma ba sai mai gida ya buga waya ba kafin edita ya san labarin da bai kamata ya taɓa ba.

Jama'a dai ba su zuba ido ba, kuma wannan ɓangare na tarihin ne littattafan lakkwal ba su cika kawowa ba. Tun 1951, lokacin da masu jari suka nemi tura Hubert Beuve-Méry waje daga Le Monde, masu karatu suka tashi suka mara masa baya, ma'aikatan kuma suka kafa ƙungiyar da ta sami kaso a jarin jaridar. Bayan babban yajin aikin ƙarshen 1995, wanda manyan kafofi suka yi wa kallon raini, malaman jami'a da ƴan jarida da masu karatu suka kafa Acrimed a 1996 don sa ido a kan kafofin kansu. A watan Maris na 2004 tsofaffin ƴan gwagwarmaya, cikinsu da Lucie Aubrac da Stéphane Hessel, suka yi kira ga matasa su yi wa manyan kafofin bore na lumana. A 2008 aka kafa Mediapart a intanet, wadda ba ta karɓar talla, kuɗin masu karatu kaɗai ke riƙe ta, kuma a 2019 ta sa jarinta a wani asusu da ba ya sayuwa.

Gwajin da ya fi tsanani ya zo da Vincent Bolloré, sunan da ba baƙo ba ne gare mu, tunda kamfaninsa ne ya shimfiɗa layin dogon Yamai zuwa Dosso da ya zauna ba jirgi. Ya kama ragamar Canal+ a 2015. A 2016 ma'aikatan tashar labarai ta i-Télé suka yi yajin aiki na kwana 31. Mafi yawansu suka bar aiki, tashar ta koma CNews a 2017, ta zama dandalin masu tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi. A 2023 ƴan jaridar Journal du Dimanche suka yi kwana 40 suna yaji don ƙin sabon editan da aka ɗora musu, su ma aka ƙare da sallama. Akwai wata doka ta 1935 da ta ba ɗan jarida damar tafiya da kuɗin sallama idan jarida ta sauya hannu ko alƙibla. An yi ta don kare mutuncinsa. A ganina, a hannun mai arziki ta zama tsintsiyar share gida, ya biya masu gardama ya zuba nasa.

Inda aka ɗan ci nasara shi ne ta hanyar kotu da hukuma. Ƙungiyar Reporters sans frontières ta kai ƙara, a ranar 13 ga Fabrairu na 2024 babbar kotun harkokin mulki ta umarci hukumar Arcom ta sake duba ko CNews tana mutunta bambancin ra'ayoyi. Wata tashar Bolloré, C8, ta rasa izininta, ta daina watsa shiri a ƙarshen Fabrairu na 2025. Iyakar mallaka kuwa tana nan yadda aka bar ta a 1986, zamanin da ba intanet. A watan Satumba na 2025 Canal+ ya karɓi ragamar MultiChoice na Afirka ta Kudu, mai DStv. Farantin da ke bisa soro a Maraɗi da wanda ke bisa soro a Katsina, da ɗaya na Faransanci ɗaya na Ingilishi, yanzu gida ɗaya suke kai kuɗin wata.