Saje a Kaduna, Sarjan a Damagaram

Malamin nahawu da ya bi ta Sabon Tasha, can kudancin garin Kaduna, zai iya tsayawa ya ja da sunan unguwar. Tasha tamace ce, don haka Sabuwar Tasha ya kamata a ce. Ba mai faɗin haka. Ɗan kamashon da ke kiran fasinjan Kachia da Zonkwa da Kafanchan ma "Sabo" kawai yake cewa ya huta. Hausar nan da ba ta damu da raba namiji da tamace ba ita ce wadda Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi suka ɗauka a kasuwa da coci, a bakin layin dogo, a ramukan kuza na Jos, da kuma bariki. Gidaje da yawa a wannan yanki ba a rasa tsohon soja a cikinsu, shi ya sa kalmomin bariki suka zama na tsakar gida: yaro na iya jera kurtu, farabiti, kofur, saje, samanja, laftanar, kyaftin, manjo, kanar, birgediya har janar, tun bai iya jera sunayen watanni ba.

Kowa ya ɗauka waɗannan kalmomi Ingilishi ne aka murɗe wa wuya, kuma haka ne. Sai dai shi ma Ingilishin aro ya yi. Yawancin muƙaman nan daga Faransanci ya kwaso su, wasu bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, wasu a ƙarni na 16 da na 17, lokacin da tsarin rundunar Faransa ya zama abin koyi a Turai. Bataliya da atilare da fareti da gurneti duk ta wannan ƙofa suka shigo, haka ita ma kalmar soja, wadda asalinta sunan kuɗin da ake biyan mayaƙi ne. Abin da ya sami Hausa shi ne ta karɓi kaya iri ɗaya sau biyu: sau ɗaya daga bakin Ingilishi a Najeriya, sau ɗaya daga bakin mai kayan a Nijar.

Hanyar Najeriya ta faro ne daga Ikko. A 1863 Kyaftin John Glover ya tara wata 'yar runduna ta masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Lokacin da Lugga ya kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma a 1897, harshen ya riga ya kama gindi a bariki. Da Hausa ake yi wa kurtu bayani, da ita samanja ke zagi, kuma an wajabta wa hafsoshi Turawa cin jarrabawarta. Umarnin fareti ne kaɗai ya tsaya a Turanci, kunne kuwa ya yi masa yadda ya ga dama, har "lafarai" ta zama sunan maci a bakin yara. Dalilin soja da jirgin ƙasa aka gina Kaduna, sojojin ma sun riga gwamnati tarewa kafin a ɗauko hedikwata daga Zungeru a 1917.

Faransawa ba su bi wannan hanya ba. Rundunarsu ta baƙaƙen fata Faidherbe ne ya kafa ta a Senegal a 1857, kuma da ta iso ƙasar Hausa a 1899 ƙarƙashin Voulet da Chanoine, waɗanda suka ƙone Birnin Ƙonni suka kashe mutane ba adadi, akasarin sojojinta Bambara suke ji. Harshen Bambara ne ya riƙe bariki, tare da wani gutsurarren Faransanci da hafsoshi suka ɗauka shi ne daidai da kan baƙin mutum. A 1916 har ɗan littafi aka buga a Paris don koya wa hafsa yadda zai karya harshensa da gangan idan zai yi magana da soja. Ingilishi ya koyi Hausa ne don ya ji daɗin mulki, ba don ƙauna ba. Amma ko ba komai bai zauna ya ƙera wa mutane gurguwar magana ba.

Bambancin hanyoyin biyu yana nan a bakin mutane. Baturen Ingila yana haɗiye harafin r, shi ya sa aka sami saje ko sajan. Bafaranshe yana furta shi, sai aka sami sarjan a Damagaram. Ingilishi ya cusa wani f a tsakiyar laftanar wanda babu shi a rubuce, sojan Nijar kuwa litinan yake cewa. Kofur ɗinmu shi ne kafaran ɗinsu. Wadda ta fi ɗaukar tarihi ita ce kumandan. A Najeriya kwamanda ba ya wuce bariki, mai mulkin ƙasa Di'o ne ko Razdan. A Nijar kuwa an daɗe soja ne ke riƙe da gunduma, Damagaram ita ce mazaunin mulki har 1926, don haka kumandan ya zama sunan duk Baturen da ke karɓar haraji, yana yanke hukunci, yana ɗibar mutane aikin tilas. 'Yan sandansa, waɗanda Faransanci ke kira garde-cercle, Hausa ta mai da su gardi sarki. Jandarma kuwa Najeriya ba ta taɓa yin irinsa ba, don haka babu kalmar da za a fassara shi da ita. Ko a gidajen rediyon Kaduna jandarma ake cewa.

Tsoron kumandan ya kai har cikin bori. A tsakiyar shekarun 1920, a ƙasar Filinge da Arewa, wasu sababbin iskoki suka ɓulla waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, Hausawa kuma Babule. Wanda suka hau sai ya miƙe ya ƙame, ya sara, ya riƙa maci da bindigar itace yana ba da oda. A cikinsu akwai Kafaran, akwai Kumandan Mugu, wanda aka danganta da Crocicchia, hafsan da ya kulle masu wannan bori a Yamai. 'Yan ci-rani suka tafi da iskokin har Ankara, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a tsakiyar shekarun 1950.

Rundunonin biyu sun taɓa haɗa kafaɗa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Najeriya ƙarƙashin Kanar Cunliffe da na Faransa ƙarƙashin Brisset suka yi wa Jamusawa ƙawanya a Garwa ta ƙasar Kamaru har ta faɗi a watan Yuni 1915, sannan suka yi zaman jiran kwamandan Jamusawa von Raben a gindin dutsen Mora har Fabrairun 1916. Cikin waɗanda aka kama a Garwa akwai wani ɗan Barno, Chari Maigumeri, wanda ya koyi fareti da Jamusanci. Ya sauya kaki, ya sake koyonsa da Turanci, ya kai samanjan bataliya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya bar aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin Lokoja sunansa yake ɗauke da shi.

Kalmomin ƙarfe da inji kuwa jirgin ƙasa ne ya shigo da su kudancin Kaduna. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗe a Kafanchan, reshe ɗaya ya yi Jos, ɗaya ya yi Kaduna, ƙauye ya zama gari. Lebura ya riƙe diga ƙarƙashin helma, fita ya shiga loko yana gyaran inji, akawu ya zauna yanka tikiti, gadi ya bi tarago, sigina ta tsaya a bakin gari. A nan Nijar ba ta da abin da za ta ajiye a gefe, don mulkin mallaka ya ƙare bai shimfiɗa mata layin dogo ba. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram a mota take zuwa ta hau jirgi a Kano ko Ƙauran Namoda. Shi ya sa direban Maraɗi zai ce kamyo da farmi da duwan, amma mota da tasha da birki daga kudu ya aro su.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashi samarin yankin zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, kuma sunayen wuraren da suka yi gumurzu da na rundunoni suka biyo su gida: barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da na Chindit a Zariya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya kumbura sojan Najeriya daga kusan dubu 10 zuwa wajen dubu 250, ya ƙara ɗibar wasu. Yaron da ya gama makarantar mishan a Kwoi ko Kagoro, wanda ƙofar aikin En'e ba ta cika buɗe masa ba, ya ga bariki ba ya tambayar ɗan wane ne shi. Daga nan aka sami Zamani Lekwot, da Martin Luther Agwai da Luka Yusuf waɗanda su biyun suka shugabanci sojan ƙasa, da Christopher Musa da ya zama babban hafsan tsaro a 2023. Makarantar atilare ta sojan Najeriya ma a Kachia take. A lokacin waɗannan hafsoshi Turanci ya riga ya karɓe bariki, Hausar bariki, wato barikanci, ta koma kasuwar mami da wasan kwaikwayo, inda Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya shekara da shekaru yana cakuɗa Hausa da Turancin soja a matsayin Samanja Mazan Fama, kafin rasuwarsa a 2023.

Boko Haram ce ta sake tilasta wa Ingilishi da Faransanci zama a tebur ɗaya. A 2015 aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi, hedikwata a Njamena, kwamanda ɗan Najeriya, sauran ƙasashen kuwa da Faransanci sojojinsu ke aiki. Takarda sai an fassara, taron hafsoshi sai da tafinta, kuma shiyyar Kamaru a Mora aka ajiye ta, gindin dutsen von Raben. Ƙananan sojoji ba su jira tafinta ba: tsakanin Diffa da Damasak, saje da sarjan da Hausa ko Barbarci suka riƙa tambayar juna hanya. Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disambar 2023, kuma a 2025 gwamnatin Janar Tiani ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.