Yadda Gyaran Babur na Gudu Ya Faro Daga Bakin Wani Gidan Shayi a Landan

Wanda ya leƙa kasuwar baburan gudu a Turai ko Japan zai ga cewa sayen babur rabin magana ne. Mai shi zai cire salansar kamfani ya sa ta Akrapovič ko Yoshimura, ya sauya shokazoba da ta Öhlins, birki kuma ya nemi na Brembo, har wani lokaci kuɗin ƙarin ya kusa kamo kuɗin babur ɗin. Sai mutum ya ɗauka al'ada ce ta masu hannu da shuni. Amma asalinta na samari ne masu ƙaramin albashi, waɗanda aljihunsu bai kai ga babur ɗin da ransu ke so ba.

A shekarar 1938 aka buɗe wani gidan shayi mai suna Ace Cafe a kan titin North Circular da ke arewacin Landan, don direbobin manyan motoci. Bam ya rushe shi a yaƙin duniya na biyu, aka sake gina shi a 1949. Ba ya rufewa dare da rana, kuma titin gabansa fili ne, don haka a shekarun 1950 ya zama matattarar samarin da suka karɓi babur bashi suna biya kaɗan-kaɗan. Burinsu ɗaya ne: allurar babur ta taɓa mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. Ana ba da labarin cewa mutum zai saka faifan waƙa, ya fice a guje ya zagayo, ya dawo kafin waƙar ta ƙare. Daga wannan zirga-zirga tsakanin gidajen shayi aka samo sunan da ake kiran irin baburansu, café racer.

Abin koyinsu baburan tseren TT ne na tsibirin Man. Duk wani ƙarfe da ba ya ƙara gudu sai a kwance shi a jefar. Hannun babur a sauke shi ƙasa a ɗaure a jikin ƙafar gaba, matakin ƙafa a mayar da shi baya, a sa dogon tankin alminiyam da kujerar mutum ɗaya, mahayi ya kwanta rub-da-ciki a kan tanki don iska ta wuce ta bayansa. Babu daɗin zama ko kaɗan, amma ba daɗi suka fito nema ba.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne batun babur mai suna Triton. A lokacin, kamfanin Norton ne ke da ƙashin babur da ya fi kowanne riƙe hanya a kwana, wanda 'yan'uwa biyu daga Belfast, Rex da Cromie McCandless, suka ƙera, aka fara tsere da shi a 1950. Ana kiransa Featherbed, wato katifar gashin tsuntsu, saboda laushinsa. Shi kuwa Triumph yana da inji mai silinda biyu da ke da sauƙin ƙara wa ƙarfi, ga kayan gyaransa ko'ina. Sai samarin suka ga babu dalilin zaɓar ɗaya a bar ɗaya. Suka ɗauko injin wannan suka dasa a ƙashin wancan, suka haɗa farkon sunan Triumph da ƙarshen na Norton. Babu ɗayan kamfanonin biyu da ya taɓa ƙera Triton. A gareji da bayan gida aka haife shi, kuma Dave Degens ya ci tseren awa 24 na Barcelona a 1965 da wanda ya haɗa da hannunsa.

Da buƙata ta yawaita, sai sana'a ta tashi. Paul Dunstall ya fara da sayar da salansar da ya ƙera wa babur ɗinsa na tsere, ya ƙare da sayar da Norton da aka gama yi wa kwaskwarima. Rickman, su ma 'yan'uwa biyu, suka shiga ƙera ƙashin babur.

Ace Cafe ya rufe a 1969, shekarar da Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu. Baburan Japan sun zo da inji mai ƙarfi da ba ya zubar da mai, sai dai ƙashinsu da shokazobarsu ba su kai injin ba, suna rawa a kwana. Wannan giɓi ya ciyar da mutane da yawa. A garin Rimini na Italiya, Massimo Tamburini, wanda aikinsa haɗa bututun ɗumama gidaje ne, ya faɗi da Hondarsa a filin tseren Misano, ya tashi ya ƙera mata sabon ƙashi. Kamfanin Bimota, wanda Tamburini ke cikin masu shi, ya shiga harkar babur ke nan a 1973. A Japan kuma akwai Hideo Yoshimura, wanda tun 1954 yake gyara baburan sojojin Amurka a Fukuoka. Shi ya shahara da salansar da ke tattara bututu huɗu su fita ta baki ɗaya, ga rage nauyi ga ƙarin ƙarfi. Suzukin da ya gyara ce ta ci tseren awa 8 na Suzuka na farko a 1978, a filin da Honda ta mallaka.

A ganina kamfanoni sun fi koyo daga waɗannan mutane fiye da yadda suke faɗa. GSX-R750 da Suzuki ta fitar a 1985, mai ƙashin alminiyam da rufin roba, kusan duk abin da makanikai suka daɗe suna yi da hannu ne aka kawo daga masana'anta. Nan ma rashin kuɗi ya sake haifar da salo: samarin Ingila da suka faɗi suka farfasa rufin, ba su da kuɗin sabo, sai suka cire ragowar, suka sa hannu mai tsawo da fitilu biyu, inji a waje tsirara. Aka kira shi streetfighter. Kafin a ce kwabo, Triumph ta fito da Speed Triple a 1994 tana bin sawunsu.

Yanzu kabureta ta tafi, kwamfuta ce ke auna mai da iska, don haka wanda ya sauya salansa dole ya sake saita kwamfutar, in ba haka ba ƙara kawai ya saya. Dokokin hayaƙi da na ƙara a Turai sun ƙara tsauri, salansa da yawa an rubuta musu cewa na filin tsere ne kawai. An sake buɗe Ace Cafe a 2001, kuma a 2013 BMW ta fitar da R nineT, babur da aka tsara tun daga masana'anta don mai shi ya kwance bayansa ya sa abin da yake so.