Daga Filin Wasiƙu zuwa Wayar Salula: Neman Shawara a Ƙasar Hausa

Bahaushe ba ya baje damuwar ɗakinsa a dandali. A garuruwa irin su Kafinsoli, cikin ƙasar Kankiya, matar da zaman aure ya yi wa tsami wurin gwaggonta take nufa, ko aminiyarta. Magidanci kuwa sai ya jira almajirai su watse, sa'an nan ya gurfana gaban malam a zaure. Cikas ɗin wannan hanya shi ne mai ba da shawarar ya san kowa, gobe kuma da shi za a zauna a wurin suna.

Jarida ce ta fara raba tambaya da fuskar mai ita. A Ingila an soma haka tun 1691, a jaridar Athenian Mercury. A ƙasar Hausa kuwa, sai da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, sa'an nan mutane suka saba da kai kuka ga wanda ba su taɓa gani ba. Galibin wasiƙun farko kan al'amuran jama'a suke, amma ɗabi'ar ta kafu. Gidan Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya faɗaɗa ta da filayen fatawa, inda tambayoyin saki da idda da gado suka sami shiga. Daga baya jaridar Aminiya ta keɓe fili sukutum, watau "Duniyar Ma'aurata".

Abin lura a nan shi ne tsarin kansa: suna a ɓoye, amsa a fili. "Wata baiwar Allah" ce ta yi tambaya, amma dubbai suka ƙaru, in kuma mai amsa ya yi tuntuɓe, wani ya rubuto ya gyara masa. Sai dai hanyar ta masu boko ce. Matar kulle da ba ta iya rubutu ba tilas ta nemi mai rubuta mata, kuma tun daga nan asiri ya fara yoyo.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, WhatsApp kuma ya kawo saƙon murya a 2013. Wannan ba ƙaramin 'yanci ba ne, domin yanzu matar Kafinsoli tana iya faɗin damuwarta da bakinta, daga ƙuryar ɗakinta. Malamai da masu sasanta ma'aurata da masu sayar da kayan mata duk sun buɗe shafuna a Facebook da Instagram. Ga da yawansu shafin talla ne kurum. Ainihin magana sai an koma gefe, sau da yawa bayan an tura kuɗi.

Ta haka tsarin ya juye. Mai ba da shawara yana riƙe da lambar mai tambaya da muryarta, wani lokaci har da hotonta, alhali amsar da ya ba ta ba wanda ya ji, balle a gyara. Manazarta ma sun yi asara. Ana iya zuwa ɗakunan ajiyar kayan tarihi a Kaduna a karanta abin da ya dami masu rubuto wa Imam, amma tambayar da aka yi bara daga Kusada tana cikin wayoyi biyu ne kawai, in ba a riga an goge ta ba.