Hanyar Bulus a Girka: abin da ake nuna wa maziyarta da abin da tarihi ya tabbatar

Hanyar Bulus suna ne da ake kiran zagayen da ayarin maziyarta, akasarinsu Kiristoci, ke yi a ƙasar Girka domin bin sawun Manzo Bulus, wanda ya isa yankin wajajen shekara ta 50 miladiyya. Galibi ana farawa daga tashar ruwan Kavala a arewa, a gangaro Filibi da Tasalonika da Biriya, a ƙare a Atina da Koranti. Masu shirya tafiyar sukan haɗa da kufan Delfi da gidajen sufaye shida da suka rage a kan duwatsun Meteora, duk da babu labarin Bulus ya taka wuraren biyu.

Filibi ce ta fi cancantar a tsaya. A kusa da ita sojojin Antoni da Oktabiyan suka murƙushe waɗanda suka kashe Juliyas Kaisar a shekara ta 42 kafin miladiyya, sannan garin ya zama matsugunin tsoffin sojojin Rum. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce a nan aka yi wa Bulus bulala, aka tsare shi ba tare da shari'a ba. Da mahukunta suka aiko a sallame shi, sai ya ƙi fita a ɓoye, ya ce shi ɗan ƙasar Rum ne, su zo da kansu su fitar da shi. Sai dai ɗakin da ake nunawa a matsayin kurkukunsa, masana kufai sun ce matattarar ruwa ce ta zamanin Rumawa. Daga baya al'ada ta laƙaba masa sunan. UNESCO ta sanya Filibi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016.

Abin mamaki, hujja mafi ƙarfi tana Delfi ne, cibiyar bautar gunkin Apollo. A can aka tono gutsattsarin wata wasiƙar Sarki Kalaudiyas da aka sassaƙa a dutse, mai ambaton Galiyo a matsayin gwamnan Akaya wajajen shekara ta 52. Galiyon nan shi ne ya kori ƙarar da aka kai Bulus a Koranti, yana mai cewa rikicin addini ba hurumin kotunsa ba ne. Da wannan dutse masana ke ƙayyade lokacin zaman Bulus na wata 18 a birnin.

A Atina ayari kan hau Tudun Arasa, inda Bulus ya yi wa Atinawa jawabi. Daga nan ana hangen Fatinon, haikalin gunkiya Atina da ya zama coci, ya koma masallaci a zamanin Usmaniyya, kafin harin Fenisawa ya tayar da albarushin da aka ajiye cikinsa a 1687. Ba kowane jagoran ayari ke kai labarin har zuwa masallacin ba. Tun Satumban 2023 gwamnatin Girka ta taƙaita masu hawa Akropolis, tudun da ginin yake, zuwa mutum 20,000 a rana.