Dawa a Cikin Gona: Nazari kan Alaƙar Mutanen Hanwa da Tsirrai da Namun Daji

Gabatarwa

A shekarar 1966, da David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya tashi nazarin rayuwar manoman ƙasar Zazzau, ƙauyuka uku ya zaɓa: Ɗan Mahawayi da ke nesa da babbar hanya, da Doka a bakin titin Kano, sai Hanwa da ke gindin garin Zariya. A wancan lokaci Hanwa ƙauye ne na manoma da Fulani zaunannu masu shanu. Tsakanin 1970 da 1971 Emmy Simmons ta sake bin waɗannan ƙauyuka tana auna abin da ake ci a gidaje. Yau wanda ya sauka a Kwangila ya nufi Hanwa, gidajen bulo da shaguna zai yi ta ratsawa, gari ya riga ya haɗiye ta.

Wannan nazari ya ɗauki Hanwa a matsayin madubi don duba tambaya guda: idan gona ta koma fuloti, me ke faruwa da abincin da ba a shuka ba, da maganin da ba a saya ba, da naman da ba a kiwata ba?

Itacen da sassabe ya bari

A ƙasar Zazzau, inda ruwan sama ke kai wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, yawancin abin da ake kira na dawa a cikin gona yake, ko a saura, ko a bakin fadamar Kubanni. Manomi idan yana sassabe, zaɓe yake yi. Zai sare geza da sabara, amma gatarinsa ba ya hawa ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da kanya da ɗinya. Ba shi ya dasa su ba, amma shi ya bar su suka rayu. Shi ya sa idan ka hango gonakin Zazzau daga kan dutsen Kufena za ka ga itatuwa warwatse, kowanne da amfaninsa.

Hikimar wannan zaɓe tana cikin lokacin nunarsu. Ɗorawa na yin tutu a ƙarshen hunturu, 'ya'yanta su nuna da bazara. Kaɗanya na zubar da 'ya'ya a farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba. A wannan tsakani ne tafasa da gasaya da lalo ke fitowa da kansu, a yi kwaɗo ko miya. Ɗinya na nuna wajen ƙarshen damina, tsamiya da kanya kuwa sai sanyi ya shigo. Ganyen kuka a tsinke shi da damina, a shanya, a daka, ya kai gida har wata shekarar. Dawa ke nan tana toshe gurbin da gona ta bari.

Ɗorawa kaɗai ta isa misali. Garinta mai ruwan ɗorawa yara ke sha. Ƙwayarta, wato kalwa, ana dafa ta yini guda, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan a kirɓa a yi daddawa. Ɓawon kuma a jiƙa shi a sami makuba, wadda ake yayyafa wa daɓe da bangon ƙasa don su yi ƙarko. Itace ɗaya ya shiga tukunya, ya shiga gini, ya kuma zama jarin mata.

Wa ke da itacen?

A al'adar Hausa, mallakar gona daban, mallakar itacen da ke cikinta daban. Mutum na iya ba da aron gona ko jinginarta ya riƙe ɗorawarsa. Sannan akwai haƙƙin da bai buƙatar mallaka ko kaɗan: abin da ya faɗo ƙasa na mai tsintuwa ne, ganyen miya a gefen hanya na kowa ne, sassaƙe da saiwar magani ba a cika hana mai nema ba. Yara na jifan kuka don 'ya'yanta ba wanda ya ce musu kanzil, daga nan ma aka sami karin maganar ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Bayan girbi Bafulatani ya shigo da shanu su ci kara, su bar taki. Addini ya ƙarfafa wannan, domin hadisi ya nuna mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kuma a kan irin wannan fahimta aka kafa hurumi da burtali da mashaya.

Masu cin moriyar wannan haƙƙi su ne marasa ƙarfi: tsohuwa mai daddawa, bazawara mai man kaɗe, yaron da ke tallan kanya, talakan da ke yankan gamba ya saƙa zana. Ba su da fili, amma suna da rabo a abin da fili ya fitar.

Namun dawa da ƙwari

Manyan namun daji sun daɗe da barin kewayen Zariya. Abin da ya saura wa mai farautar rani shi ne gafiya da zomo da kurege da bushiya da damo da guza da fakara. Da ruwan farko yara su tara shinge a gindin fitila, da kaka kuma a kama fara a soya da yaji. Mai zuma ya ɗora amya a kan itace, masunci ya kama tarwaɗa a Kubanni ko Galma.

Alaƙar ba ta tsaya a ciki ba. Dawowar shamuwa sanarwa ce cewa damina ta kusa, kuma ba a taɓa sheƙarta ko da a tsakar gida ta yi. Belbela abokiyar tafiyar makiyayi ce. Damo ya zama sarkin haƙuri a bakin Bahaushe. Ungulu kuwa, wadda a da ba a raba ta da mahauta, ta zama abin nema. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba gani cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinta don tsafi da magani na cikin manyan dalilai. Wannan ya nuna cewa amfani da dawa na iya rikiɗewa ya zama ɓarna idan kuɗi ya shiga, kunya da hani suka fita.

Daga tsintuwa zuwa saye

Kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da bunƙasar Sabon Gari da Tudun Wada sun sa Hanwa a tsakiyar masu neman muhalli. Dokar filaye ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna, takarda ta fara rinjayar al'ada. Takardar fili kuwa faɗi da tsawo ta sani, ba ta san tsohuwar da ke tsintar kaɗanya a wurin shekara talatin ba. Mai fuloti ya kewaye abinsa, ya sare itacen don ya sami wurin ɗaki. Idan zai dasa wani, darbejiya ko mangwaro zai sa, domin kaɗanya sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara haihuwa.

Buƙatar dai ba ta mutu ba. Har gobe ana kaɗa miyar kuka a Hanwa, ana dama kunun tsamiya da azumi, mai jego na shan sabara. Abin da ya sauya shi ne hanyar samu: yanzu a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada ake auno su, daga ƙauyukan da ke nesa. Dunƙulen Maggi da daddawar waken suya sun rage wa kalwa kasuwa, yayin da gawayi ke cinye ƙirya da kaɗanya a dazukan da suka rage. Gari bai daina cin dawa ba, ya dai tura gatarin inda idonsa ba ya gani. Abin mamaki, wannan na faruwa ne a lokacin da darajar kaɗanya ta kai gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwayarta waje a watan Agusta na 2025, don a riƙa sarrafa ta a gida.

Akwai asara ta biyu, ta ilimi. A 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa littafi sukutum na sunayen tsirrai da Hausa. Sunan tsiro na tafiya ne da saninsa: yaushe ake cira, wane sashe ake sha, wanne ke kisa. Yaron da bai taɓa ganin taura a kan itace ba, sunan kawai zai gada.

Kammalawa

Ba mai cewa a rushe gidajen Hanwa a mayar da gonaki. Amma a jihar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma renon tohon kututture a gonakinsu, har aka kiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar. Abin da ya ba su ƙarfin gwiwa shi ne tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne. Darasin ya shafi Zariya: kafin a yanka sabbin fuloti a ƙauyukan da gari ke tunkara, a ƙidaya ɗorawa da kuka da ke wurin, a bar bakin Kubanni ba gini, a dasa itatuwan gida a makarantu da maƙabartu da harabar masallatai inda kowa ke da iko ya tsinta. Kakannin Hanwa ba su dasa ɗorawa ba, ɗaga gatari kawai suka yi suka wuce ta, ta ciyar da jikokinsu.