Kulle Biyu: Yadda Gidajen Wamakko Suka Ga Shekarar Korona

 Duk shekara idan ranar kafa ƙungiya ta zagayo mukan waiwayi baya. Bana mun zaɓi 2020, shekarar korona. Yaran da aka haifa cikinta har sun fara ɗaukar allo, kuma abin da ba a rubuta ba mantuwa ke cinye shi. Jaridu sun adana jawaban gwamnoni da adadin waɗanda suka kamu. Abin da ya faru a tsakar gida da bakin murhu kuwa mu ne shaidunsa.

Yadda abin ya iso

A farkon shekarar muka fara jin sunan cutar a rediyo, ana cewa ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko da ya shigo da ita Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A majalisun maza da gidajen biki magana ɗaya ake yi: ciwon masu hawa jirgi ne, kuma zafin Sakkwato ba zai bar shi ya kwana ba.

Kafin wata guda ya cika labari ya canza. Gwamnonin Arewa maso Yamma suka rufe makarantu daga 23 ga Maris. A ƙarshen watan gwamnatin jiha ta rufe hanyoyin shiga da fita Sakkwato, Gwamnatin Tarayya kuma ta ayyana kulle a Legas da Ogun da Abuja. A tsakiyar Afrilu aka rufe Kano, inda daga nan ne yawancin atamfa da leshi da kayan koli ke zuwa mana. Ranar 20 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu a jiharmu, saura kwana huɗu a ɗauki azumi. Daga 4 ga Mayu aka hana fita a duk ƙasa daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, aka wajabta sa takunkumi, tafiya daga jiha zuwa jiha kuma ta haramta har zuwa 1 ga Yuli.

Annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Murar 1918 ta shigo ta bakin teku ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, kuma an ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a Najeriya. Kakanninmu sun san agana, da yawansu da zanenta a fuska suka koma ga Allah. Sanƙarau na 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, ya sake dawowa Zamfara da Sakkwato a 2017. A shekarun sanƙarau an yi kuka an yi zaman makoki, amma yara sun ci gaba da zuwa makaranta, motoci kuma ba su daina lodi a tasha ba. Sabon abin da korona ta zo da shi shi ne rufe ƙofofi.

Mu da muka san kulle

Kullen da aka yi a nan bai kai na Kano tsanani ba. Duk da haka, da kalmar ta shiga bakin mutane, mata sun sami abin zolaya. Za ka ji uwargida na ce wa maigida: "Malam, ku yanzu kunka san kulle. Mu da shi anka kawo mu gidan nan." Maza da yawa sun ɗauka cewa matan da ba sa fita babu abin da ya canza musu.

Wannan lissafi bai tsaya ba, domin kullen da muka gada yana da ƙofofi. Mace tana cikin gida amma sana'arta tana waje. Yara ke fitar da masa da ƙosai da safe, su dawo da ciniki kafin hantsi. Dillaliya ke shigowa da zannuwa da kwanuka, ta fita da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Uwar adashe tana aiko yarinya karɓar zubi. Ranar suna ko ɗaurin aure ana fita unguwa, a can mai kitso da mai lalle da mai girki suke samu, a can kuma ake mayar da bikin da aka ci. Ko ilmi haka yake tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda jajinta ke kai karatu ga matan ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. Gidan mace Bahaushiya ya daɗe yana aikin masana'anta da makaranta da asusu, kuma duk waɗannan da zirga-zirgar mutane suke rayuwa. Dokar korona zirga-zirgar ta tare.

Wamakko ta ji wannan fiye da wurare da yawa saboda inda take. Rabinmu birni ne, rabinmu fadama. Mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin ƙaramar hukumarmu, kuma a 2020 rufewar korona ta haɗu da yajin aikin malaman jami'a, wanda ya kama daga Maris har zuwa Disamba. Matan Dundaye da ƙauyukan kewaye da ke dafa wa ɗalibai abinci, ko yi musu wanki, ko aika musu fura da awara, sun wayi gari babu masu saye wata tara. A Arkilla da Bado, masu sayar da alewa da zoɓo a bakin makarantun firamare sun kife robobinsu. A Kalambaina, duk ranar da motocin siminti suka ragu a hanya, mai tuwo da mai shinkafa da wake su ne suke fara sani. Matan fadama kuma, waɗanda mazajensu ke noman albasa da tumatir da tattasai, sun ga yadda kaya ke lalacewa idan mota ta yi jinkiri a shingayen hanya, ko kuɗin lodi ya fi ƙarfin mai kaya.

Wuni a cikin gida

Abu na farko da kowace uwa ta lura da shi shi ne tukunya. Yaron da ke makaranta daga safe zuwa azahar, sannan Islamiyya da la'asar, yanzu yana gida wuni zubur, kuma yaro in ba shi da abin yi yunwa yake ji. "Inna, mi za a ci?" ta zama waƙar safe da rana. Tiyar da ke kai kwana biyu ta koma ta kwana ɗaya da rabi. Gidajen da ke da 'ya'ya a makarantun kwana ko a jami'a sun ƙara baki, wasu kuma sun karɓi yaran da aka dawo da su daga karatun allo, lokacin da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a Afrilu da Mayu.

Sai ruwa. Saƙon da ke shigowa waya kullum shi ne a wanke hannu da sabulu a kai a kai. Shawara ce mai kyau, amma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, gida yana sayen jarka daga hannun 'yan garuwa, kowane moɗa da lissafinsa. Mata suka ɓullo da dabara: buta da ɗan sabulu a bakin zaure, ruwan da aka wanke hannu a tara shi a yayyafa wa tsakar gida.

Sai maigida. Mutumin da a da sai bayan isha'i ake ganin fuskarsa, yanzu ƙarfe 8 na yi yana ciki. A wasu gidaje alheri ne: uba ya zauna ya biya wa 'ya'yansa karatu, ya san wane ne ke da ƙoƙari, wane ne ke ɓoye allo. A wasu gidajen kuwa, inda namiji ɗan acaɓa ne ko lebura ko direban tasha, zaman gida na nufin babu kuɗin cefane, kuma babu ba ta zuwa ita kaɗai, da faɗa take tafe. Akwai auren da ya yi ƙarfi a wannan shekara, akwai wanda ya girgiza. A gidaje da yawa maza sun gani da idonsu, wataƙila karo na farko, cewa gishiri da magi da man miya da sabulun da ba su taɓa tambayar tushensu ba daga ribar ƙosai suke fitowa.

Azumi da Sallah

An ɗauki azumi ranar Juma'a 24 ga Afrilu. Shugabannin addini, ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sun nemi a dakatar da tarukan tafsiri, aka koma sauraro a rediyo da talabijin. Matan da suka saba fita tafsiri rukuni-rukuni sai suka kewaye rediyo a inuwar darbejiya, hannu na tsintar shinkafa. A gidaje da yawa maigida ya ja iyalinsa asham a tsakar gida, kuma akwai yaran da har yau suke tuna wannan da daɗi.

Azumin bazara kakar masu ƙanƙara da kunu da zoɓo ce, amma dokar dare ta yanke cinikin bayan shan ruwa, wanda shi ne mai tsoka. Masu keken ɗinki ne suka sami wata 'yar ƙofa: ƙyallayen atamfa da a da ake zubarwa suka zama takunkumi. An yi ƙaramar Sallah ranar Lahadi 24 ga Mayu, masarautu da dama a Arewa suka soke hawa, yara da yawa kuma da kayan bara suka yi ado. Sannan Saudiyya ta taƙaita aikin Hajji ga mazauna ƙasarta. Iyayenmu da suka yi shekaru suna tara kuɗin kujera da kiwon tumaki suka kwance jaka. A 2021 ma ba a tafi ba, kuma cikinsu akwai waɗanda Allah bai nufa su ga 2022 ba. Allah Ya ba su ladan niyyarsu.

Inda jari ya tafi

Abin da ya riƙe gidaje a waɗannan watanni ƙananan abubuwa ne da ke hannun mata: akuya, 'yan kunne, buhun gyaɗar da aka ajiye don matsa mai, kwanukan da aka tara wa ɗiya. Ɗaya bayan ɗaya suka fita. Mai sana'a takan ci riba ta bar uwar kuɗi, amma a 2020 da yawa sun ci uwar kuɗin, domin ba a ce wa yaro ya jira kasuwa ta buɗe.

Adashe ya sha wuya ƙwarai. Ƙarfinsa shi ne kowa ta zuba a kan lokaci, kuma an gina shi bisa tunanin cewa in wata ta shiga matsi sauran suna tsaye. A wannan karon kowa ta shiga matsi rana ɗaya. "Hajiya, ki yi haƙuri, wanga sati babu." Uwar adashe ta ji wannan daga ƙofa biyar, wadda kwasarta ta zo kuma tana jira. Wasu adasai sun dakata da yardar kowa, wasu sun rage zubi, wasu sun watse da ɓacin rai da har yau bai gama warkewa ba.

Tsada ta ƙara wa abin nauyi. Iyakar Illela tana rufe tun Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai 16 ga Disamba 2020. Ambaliyar damina ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a maƙwabciyarmu Kebbi. Zuwa Disamba, alƙaluman gwamnati sun nuna farashin abinci ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 a shekara guda. Ana cikin farfaɗowa kuma, a Janairun 2021, gobara ta ci wani babban sashe na Babbar Kasuwar Sakkwato, inda da yawanmu ke saro kaya.

Asarar da ta fi wuyar mayarwa ita ce ta karatu. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a Agusta don jarrabawa, sauran kuma sun yi fiye da wata shida a gida. An sa darussa a rediyo da talabijin, amma yarinyar da ke surfe da raino da wanke-wanke ba ta da lokacin zama gaban rediyo kamar ɗan'uwanta. Da aka buɗe makarantu, kowace unguwa ta san ɗiyar da ba ta koma ba: wata an ɗora mata tiren talla don a mayar da jarin da aka ci, wata an yi mata aure.

Abin da za mu riƙe

Rigakafin korona ya iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, rayuwa kuma ta koma hanyarta sannu a hankali. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, don haka ga abin da shekarar ta bar mana. Matan da suka fi saurin miƙewa su ne masu ajiyar da ba ta cikin zagayen adashe, masu sana'a fiye da ɗaya, da waɗanda masu sayensu ke da lambar wayarsu, ba sai yaro ya fita da tire ba. Asusun ko-ta-kwana da ake zubawa kaɗan-kaɗan, ba a taɓa shi don biki ko anko, shi ne abin da adashe ba zai iya yi mana ba ranar da kowa ta rasa lokaci ɗaya. Idan an zo taron shekara ana maganar rabon riba, mu tuna da wannan kafin mu ce a raba duka.

Muna kuma roƙon kowace uwa ta zaunar da 'ya'yanta ta ba su labarin yadda gidansu ya ci wannan shekara, abin da aka sayar da wanda ya kawo ɗauki. Wadda ke da ɗiyar da karatunta ya tsaya tun lokacin, ta zo mu yi shawara, ajin manya bai rufe ƙofa ga kowa ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa kowa da abin da ta yi asara, Ya tsare mu da zuriyarmu daga annoba. Allah Ya maimaita mana. Amin.